Batirin motar gazuwal a Damagaram: wanda zai jure bazara, ya kuma tashi da asubar hunturu

Yawancin baturan motocin gazuwal a Damagaram a watan Disamba ko Janairu suke ƙin tashi, shi ya sa masu mota ke ɗora wa sanyi laifi. Amma ba sanyi ne ya kashe su ba. Tun a Afrilu da Mayu aka yi ɓarnar, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a inuwa kusan kullum, ƙarƙashin murfin inji kuwa ya wuce 60. Batirin ya ci gaba da tayar da mota duk damina da kaka, saboda inji mai ɗumi ba ya neman ƙarfi sosai. Ranar da hunturu ya sauko, baƙin mai ya yi kauri, sai asiri ya tonu. Wanda ya gane haka ba zai shiga shago yana tambayar wane batir ne ya fi ƙarfi ba. Zai tambayi wanda zai fito daga bazara biyu ko uku da sauran ƙarfinsa.

Injin gazuwal ba shi da tartsatsin buji irin na fetur. Iska yake matsewa har ta yi zafin da mai zai kama da kansa, don haka matsinsa ya kusa ninka na fetur: injin fetur yana matse iska kamar sau 9 zuwa 11, na gazuwal sau 16 zuwa 22. Injin 1HZ mai lita 4.2, wanda ke cikin yawancin Land Cruiser da ke bin hanyar Tanut zuwa Agadas, ya ɗan wuce sau 22 ma. Dimarar, wato abin da ke juya inji ya tashi in an murɗa makulli, a irin wannan inji yana zuƙar ɗaruruwan amfiya (ma'aunin yawan wutar da ake ja) a daƙiƙun farko, kuma kafin ya taɓa, bujin ɗumama, masu ɗumama cikin inji kafin a tayar, sun riga sun sha rabonsu, kowanne amfiya 10 zuwa 20, su huɗu ko shida. Bayan haka gazuwal ba ya yarda da juyin kasala. Motar fetur takan tashi ko da batir na jan ƙafa. Ta gazuwal in ba ta juya da sauri ba, zafin matsin ya zurare ta jikin ƙarfe, sai a yi ta ƙugi, farin hayaƙi na fita, babu tashi.

A cikin batir akwai ɗakuna shida, kowanne da farantan dalma jiƙe cikin ruwan asid. Zafi yana yi masa ɓarna ta hanya uku a lokaci guda. Yana busar da ruwan har saman farantan ya fito fili, kuma duk wurin da ya bushe ya tashi aiki ke nan. Yana sa ragar dalmar da ke riƙe da farantan ta riƙa cinyewa da sauri. Yana kuma hanzarta zubewar caji ko da mota na ajiye. Ƙa'idar da masana batir ke aiki da ita ita ce, daga digiri 25 zuwa sama, duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 yana raba ran batirin dalma biyu. Batirin da zai yi shekara biyar a Faransa, in ya yi biyu da rabi a nan bai ci amanar kowa ba.

Sanyinmu kuwa, in aka auna shi da na ƙasashen da ake ƙera baturan domin su, ba sanyi ba ne. A cikin gari, asubar Janairu takan sauka kusan digiri 14 ko 15, wasu darare ta kusanci 10. Sai wanda ke kwana a daji wajen Termit, ko duwatsun Ayar, ko hanyar Bilma ne zai gamu da daren da ke kusantar sifili. A can lissafi yana canzawa, domin a sifili batir mai lafiya ma kusan kashi biyu cikin uku na ƙarfin tayarwarsa kawai yake iya bayarwa, ga injin da ya ƙara nauyi.

Lambobin da ke jikin batir

Lambar da masu shago suka fi nunawa ita ce CCA, ƙarfin tayar da inji cikin sanyi. A ma'aunin Amurka, SAE, ma'anarta yawan amfiyar da batir zai bayar na daƙiƙa 30 a digiri 18 ƙasa da sifili ba tare da ya faɗi ƙasa da volt 7.2 ba. Babu wanda ya taɓa tayar da mota a Birni ko Zango cikin irin wannan sanyi. Duk da haka lambar tana da amfani, tunda ita ce ke gaya maka ko batirin zai iya da dimarar gazuwal. Matsalar ita ce ma'aunin ba ɗaya ba ne. Na Turai, EN, yana kusa da SAE. Tsohon ma'aunin Jamus, DIN, yana ba da lamba ƙarama ƙwarai: batirin da aka rubuta wa 420 a DIN ya kai kusan 700 a EN. Akwai kuma CA ko MCA, wanda a sifili ake auna shi, don haka lambarsa kan fi CCA da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. In ka ga ƙaramin batir an buga masa 900 da manyan baƙaƙe, duba ƙananan baƙaƙen da ke gefe kafin ka yi murna.

Ta biyu ita ce Ah, wadda a kasuwa ake cewa batir mai 70, mai 100, mai 150. Wannan yawan abin da ke cikin rumbu ne, ba ƙarfin bugu ba: batir mai 100 zai ba da amfiya 5 na awa 20. Wasu kuma suna rubuta RC, wato mintuna nawa batir zai yi yana ba da amfiya 25 kafin ya faɗi zuwa volt 10.5. Ga mai bin doguwar hanya wannan lamba ta fi CCA muhimmanci. In bel ɗin altaneta, na'urar da ke yi wa batir caji in inji na aiki, ya tsinke da dare tsakanin Gure da Maine, RC ce za ta faɗa maka ko fitilu za su kai ka gari.

Nan ne nake saɓa wa masu cewa a sayi mafi girman CCA. Akwatin batir girmansa ɗaya ne. Mai ƙerawa in yana son ƙara CCA a cikin akwati ɗaya, sai ya ƙara yawan farantai, ya rage kaurinsu, ruwan da ke tsakani ma ya ragu. Siraran farantai su ne zafi ke fara cinyewa. A Amurka har iri biyu ake sayarwa na batir guda, na jihohin arewa mai yawan CCA da na jihohin kudu mai ƙarancin CCA da yalwar ruwa. Mu ƴan kudu ne a wannan rabo. A duba abin da littafin motar ya ce, ko abin da ke jikin batirin da ta zo da shi, a cika wannan lamba ko a ɗan haura ta. Ga Hilux da Hiace da Land Cruiser masu gazuwal, abin da ake nema yawanci yana tsakanin 600 da 800. Abin da ya wuce haka da nisa, kuɗin sanyin da ba za ka gani ba kake biya.

Girman akwati ba abin dogon bayani ba ne, amma yana mayar da mutane kasuwa. Motocin Japan suna amfani da lamba irin 95D31L: 95 darajar ƙarfi, D faɗi da tsayi, 31 tsawo a santimita, L ko R kuma gefen da kan baƙar waya yake. 105D31 da 115D31 akwatinsu ɗaya da 95D31, ƙarfi ne ya bambanta. Manyan motoci suna kan N100, N120, N150 da N200. Motocin Turai kuwa akwatinsu gajere ne, kawunansa a nutse. Wanda ya sayi R a maimakon L zai tarar waya ba ta kai ba, kuma dogon batir a gurbin gajere yana iya taɓa murfin inji ya tayar da gobara.

Mai murfi, rufaffe, EFB ko AGM

Batir mai murfi, wanda ake buɗewa a ƙara masa ruwa, shi ne tsohon hannu. Ragarsa dalma ce haɗe da wani ƙarfe da ake kira antimoni, abin da ke sa ta jure girgiza da saukar caji, amma kuma yake sa ta shan ruwa. A bazara sai an leƙa shi duk mako biyu, in motar na aiki kullum. Alherinsa shi ne abin da zafi ya kwashe kana iya mayarwa. In altaneta ya ɗan wuce gona da iri, batirin zai tafasa ya rage ruwa, ka ƙara, ya ci gaba da rayuwa. In ya sauka ƙasa don an bar fitila a kunne, kowane mai caji a bakin tasha zai iya tayar da shi. Kuma mai gyara yana iya zura ma'aunin asid ɗaki bayan ɗaki ya gaya maka wanne ne ya mutu, ba sai an yi ta canke ba.

Sharaɗinsa ɗaya ne, kuma a nan ake faɗuwa: ruwan da za a ƙara sai tataccen ruwan batir. Ba ruwan famfo ba, ba na rijiya ba, ba na leda ba. Ruwanmu na wannan yanki yana ɗauke da gishiri da kanwa, su kuwa guba ne ga farantai. Kuma ba a ƙara asid. Ruwa ne ke tashi sama, asid yana nan. Wanda ya ƙara asid ya ƙara kaurin abin da ke cin farantan ne kawai. Na san ana sayar da kwalabe iri biyu a teburi ɗaya, masu kama da juna, kuma yaron mota ba ya karanta takardar jiki. Maigidan da ba zai iya tsayawa a kan wannan ba, gara ya bar mai murfi.

Rufaffen batir, wanda ake rubuta wa MF, wato marar buƙatar kulawa, ragarsa da sinadarin kalsiyam aka haɗa. Ruwan da yake sha kaɗan ne ƙwarai, cajinsa kuma ba ya saurin zubewa a ajiye. Ga mai motar gida da ba ya buɗe murfin inji sai ranar juye, shi ya fi, ba tantama: batir mai murfi da aka yi sakaci da shi yakan riga rufaffe mutuwa da nisa. Rauninsa guda biyu ne. Ba ya yafe saukar caji; in ya yi ƙasa sosai sau biyu ko uku, ba ya komawa yadda yake, kuma tsofaffin injinan caji ba sa cika shi da kyau. Sannan duk da sunansa, a zafinmu yana rasa ruwa a hankali, ga shi babu ƙofar mayarwa. Wannan ɗan idon da ke samansa, mai nuna kore ko baƙi, ɗaki ɗaya kawai yake leƙawa cikin shida. Kore ba shaidar lafiya ba ce.

EFB rufaffe ne shi ma, mai ruwa a ciki, amma an ƙarfafa farantansa domin motocin da ke kashe kansu a tsaye su sake tashi. Yana jure sauka da hawan caji kusan ninki biyu na rufaffe na gama-gari, yana karɓar caji da sauri, kuma zafin inji ba ya damunsa kamar AGM. In ana samunsa sabo a girman motarka, ni shi nake ganin ya fi dacewa da motar da ke yawan tsayawa da tashi cikin gari, ko wadda ake kunna rediyo da fanka da cajin waya alhali inji a kashe. Sai dai bai cika yawa a kasuwa ba, wanda ake samu kuma sau da yawa ya daɗe a shago.

AGM shi ne wanda ake yi wa kirari. Asid ɗinsa a jiƙe yake cikin tabarmar zaren gilashi, a matse tsakanin farantai, ba ya zuba ko an karkata shi. Ƙarfin tayarwarsa babba ne, yana jure saukar caji fiye da duk waɗanda aka ambata, gargada kuma ba ta kakkaɓe farantansa da sauƙi. A takarda shi ne batirin Sahara. A aikace, zafi ne maƙiyinsa na farko. Ruwan da ke cikinsa ɗan kaɗan ne. In zafi ya haɗu da caji mai yawa, bawul ɗinsa ya buɗe ya saki tururi, abin da ya fita ya fita har abada. Ba banza ba wasu masu ƙera motocin Turai ke sa shi a but ko ƙarƙashin kujera, nesa da inji. A ɗauko shi a dasa kusa da injin 1HZ mai tsohon altaneta da ba a san iyakar cajinsa ba, a watan Mayu, asarar kuɗi ce mai tsada. Inda AGM ke da gurbi a wurinmu biyu ne: motar da da shi ta zo daga masana'anta, wadda dole a mayar mata da irinsa, wani lokaci har sai an sanar da kwamfutar motar, da kuma batir na biyu da ake ajiyewa a bayan mota domin firji ko na'urar sadarwa.

Batirin jel na sola ne, ba na dimarar ba. Na litiyam yana da sauƙin nauyi da tsawon rai, amma tsadarsa, da ƙin zafin inji, da rashin mai gyaransa a kan hanya sun fitar da shi daga wannan magana a yanzu. Haka nan a daina ɗauko batirin mota a kai shi ɗaki ya yi aikin sola, ko a ɗauko na sola a sa a mota. Kowanne da kaurin farantinsa da aikin da aka yi shi dominsa.

Sabuntaka ta fi suna

Varta, Bosch, Fulmen, Yuasa, GS, Solite, Rocket, Amaron: duk sunaye ne na masana'antu na gaske, daga Turai da Japan da Koriya ta Kudu da Indiya, kuma kowanne yana yin kaya mai kyau. Amma tambayar wane suna ne ya fi ba ta kai tambayar yaushe aka yi shi ba. Batirin da aka riga aka zuba wa asid ɗanyen tumatir ne, daga ranar da aka tsinke shi yake fara lissafi. Wanda ke zuwa a bushe, a zuba masa asid a gabanka, shi ne kauɗa. Ka tuna hanyar da kaya ke bi kafin su iso Damagaram: makonni a teku, jira a tashar jirgin ruwa, sannan doguwar tafiya a bayan mota. Tun 2023 da hanyar Kwatano ta samu cikas, kaya da yawa sai sun zagayo ta Lome da Burkina Faso, su sauka Yamai, su sake cin kusan kilomita 900, ko kuma su shigo ta Kano. Bayan duk wannan sai batir ya zauna a shagon kwano, ko a jere shi a rana a bakin titi don masu wucewa su gani. Rufaffen batirin da ya yi shekara a haka, cajinsa ya sauka, farin gishirin dalma ya daskare a farantansa, ya tsufa tun bai ga mota ba.

Wannan ne babban dalilin da ya sa busasshen batir mai murfi har yanzu yake da daraja a nan. Muddin hatiminsa bai buɗe ba, zai iya shekaru a ajiye, ransa kuma daga ranar zubi yake farawa. Amma a yi zubin yadda ya kamata. A ƙasashen sanyi nauyin asid 1.28 ne, ga ƙasashe masu zafi masu ƙerawa kan ba da shawarar a sassauta zuwa wajen 1.24, ƙarfi ya ɗan ragu, rai ya ƙaru. Bayan zubi a bar shi ya huta kamar rabin awa, ya fi kyau ma a ɗora shi a caji kafin a sa a mota. Gaggawar a zuba a ɗaura a tafi tana rage masa kwana.

In rufaffe za ka saya, ka ce wa mai shago: "Alhaji, a ɗora mini mita in gani." Cikakken batir yana nuna volt 12.6 ko sama. In ya nuna 12.4 ya rasa kusan kashi ɗaya cikin huɗu, 12.2 rabi ne. Sabon da ke ƙasa da 12.4 a bar shi, ko da an ce za a yi masa caji yanzu-yanzu. A nemi ranar ƙira, wadda ake bugawa a jikin murfi ko a ɗan lika. Kowace masana'anta da salonta, wasu harafi ne ke nuna wata, A Janairu, B Fabrairu, lamba kuma ta nuna shekara. Wanda ya wuce wata shida ya yi nisa. Sannan a ɗaga shi. Dalma ce kuɗin batir, kuma dalma nauyi gare ta: mai 70 na gaske yana kai kilo 17 zuwa 20, N150 yana wajen kilo 40. Jabun kaya da ake lika wa sunan manya suna iya kwaikwayon launi da rubutu, nauyi ne ba sa iyawa. Mai shagon da ya ƙi mita ko sikeli ya riga ya ba ka amsa. Takardar garanti kuma a rubuta mata kwanan wata da lambar batirin, a buga hatimi. Garantin baki ba ya kai wata uku.

Kan kuɗi, a raba farashi da watanni, ba a dube shi a dunƙule ba. A ce, a matsayin misali, wani batir jika 45 ne, wato sefa 45,000, ya yi shekara ɗaya, wani jika 70 ya yi wata 28. Na farko yana cin sefa 3,750 a wata, na biyu 2,500. Araha ba ta ado. Amma wannan lissafi yana aiki ne kawai in mai tsadar sabo ne. Tsohon mai tsada ya fi kowa cuta. Baturan da ake kira na gyara, waɗanda aka wanke aka sake wa ruwa, na mai shirin sayar da mota ne, ba na mai tafiya Tesker ba.

Wa ya kamata ya sayi wanne

Mai Hilux ko ƙaramar motar gazuwal da ke yawo cikin gari, daga gida zuwa aiki zuwa kasuwar Dole, ya ɗauki rufaffe sabo, ko EFB in ya samu. Damuwarsa ba CCA ba ce, gajerun tafiye-tafiye ne: dimarar da bujin ɗumama suna kwasar abin da tafiyar minti biyar ba ta mayarwa. Fita ɗaya a mako zuwa Mirya ko Takeita ta fi masa sabon batir amfani.

Direban Hiace ko na ɗaukar kaya da ke Magarya, Matamai ko Tanut kullum, wanda ke buɗe murfin inji kowace asuba don duba ruwa da mai, mai murfi ne nasa. Injinsa ba ya hucewa, batirinsa yana cikin zafi awa goma a rana, kuma yana da hannun da zai ƙara ruwa. Shi ne mutumin da busasshen batir zai fi yi wa rana.

Mai shiga Sahara ya haɗa buƙatu biyu masu karo da juna, zafin rana da sanyin dare, ga gargada. Shi kam kada ya tsaya a ƙaramar lambar CCA. Ya ɗauki babbar daraja a girman akwatinsa, kamar 105D31 ko 115D31 a gurbin 95D31, ya kuma duba RC. Abin da ya fi kowace lamba shi ne batir biyu da na'urar raba su, ta yadda firji da fitilun zango ba za su taɓa na tayarwa ba. Ya kuma duba baƙin mansa. Mai mai kauri ɗaya, SAE 40 ko 50, da ake so saboda zafi, da asubar daji yakan riƙe inji. Mai irin 15W-40, wanda ba ya yin kauri sosai da sanyi, yana sauƙaƙa wa batir aiki. Bujin ɗumama guda biyu da suka mutu sun isa su sa a zargi batir mai lafiya.

Manyan motoci masu volt 24 suna da dokarsu. Batir biyu ne a jere, don haka tare ake canza su, iri ɗaya, girma ɗaya, ƙira ɗaya. Sabo da tsoho in an haɗa, ɗaya ya sha caji fiye da kima, ɗaya ya zauna da yunwa, cikin watanni a rasa duka. Abin da ya fi kashe su shi ne jan wayar volt 12 daga batir ɗaya domin rediyo da cajin waya. Direbobin tankokin da ke jiran lodi a matatar mai ta SORAZ, wadda ta fara aiki a 2011 a kan hanyar Tanut, sun san yadda ake kwana ana kunna fanka inji a kashe. Ƙaramar na'urar da ke sauke 24 zuwa 12 ba ta kai kuɗin batir ɗaya ba. A nemi kuma irin da aka yi domin manyan motoci, mai alamar HD ko SHD, wanda aka manne farantansa don girgiza.

Tarakta da janareta da motar da ke ajiye watanni, zama ne ke kashe batirinsu. A cire baƙar waya, a kai shi inuwa, a yi masa caji duk wata. Na'urar bin sawu da ƙararrawar ɓarayi suna tsotsa dare da rana ko da makulli na aljihu.

Kafin a ɗaura sabo, kowane iri ne, a sa mai gyaran wutar mota ya auna altaneta inji na aiki. Tsakanin volt 13.8 da 14.4 shi ne daidai. In ya haura 14.8 zai dafa sabon kamar yadda ya dafa tsohon, in bai kai 13.5 ba zai bar shi da yunwa. A duba wayar da ke haɗa batir da jikin mota, domin tsatsa a wurin tana kwaikwayon mataccen batir sarai. A ɗaure shi da ƙarfensa na asali, ba da igiya ko robar tayar keke ba. Batirin da ke tsalle a gurbinsa ba zai ga ƙarshen hanyar Agadas sau da yawa ba. In motar ta zo da rigar da ke kare batir daga zafin inji, kada a yar da ita. Ƙurar hunturu kuma in ta taru a samansa ta jiƙe da raɓar asid, wuta takan bi ta kanta tsakanin kawunan biyu. Ɗan ruwan kanwa a tsumma yana wanke wannan da farin garin da ke taruwa a kawunan, muddin murafen a rufe suke, ko ɗigo bai shiga ciki ba.

Lokacin gwaji shi ne Oktoba ko farkon Nuwamba, bayan zafi ya gama aikinsa, kafin sanyi ya zo. A sa mita a kawunan batir a murɗa makulli: in ya faɗi ƙasa da volt 9.6 yayin da dimarar ke juyawa, ba zai kai Janairu ba, gara a canza shi a gari da a canza shi a daji.

Tsohon kuma kada a bar shi a tsakar gida, kada a fasa shi don a ciro dalma. A unguwar Thiaroye-sur-Mer da ke Dakar, tsakanin ƙarshen 2007 da farkon 2008, yara 18 suka rasu sakamakon gubar dalma daga fasa tsofaffin batura a cikin gidaje. Tsohon batir yana da kuɗi, masu shago suna karɓa. A sa shi cikin ciniki tun farko, a rage kuɗinsa daga na sabon, a bar shi a shagon da ruwansa a ciki.